Jikin da Muka Gina wa Fuskar Baba

Hoton mahaifina guda ɗaya ne tak a duniya, kuma faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. An ɗauke shi ne don wani katin shaida da aka tilasta wa 'yan kasuwa yi lokacin ina firamare, mai hoto ya ɗauki kai da wuya da ɗan abin da ya samu na kafaɗa. Baƙi da fari ne. Hatimi ya ci kusurwar hagu har ya taɓa kunci, ƙarfen da aka maƙala shi da shi kuma ya yi tsatsa ya bar ɗigo biyu a goshi. Baba mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, kamar ubansa, kuma bai ga dalilin da zai sa mutum ya bar kamanninsa a takarda ba. Ya rasu ina da shekara ashirin da bakwai. Yau ina da hamsin, ina koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma abin da zan ba da labarinsa ya faru ne shekara uku da suka wuce, lokacin da idon Inna, mahaifiyata, ya fara ƙarewa.

Likitan da muka gani a Sakkwato bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwon irin wanda ke cin gani ne daga gefe yana matsowa tsakiya. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Inna da kanta ta kwatanta mini abin a mota muna dawowa: ta dunƙule hannu ta bar 'yar kafa, ta kara a ido, ta ce iyakar duniyarta ke nan yanzu, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take yi. Ba ta sake ta da maganar ba sai bayan kamar wata guda, ranar da na same ta da hantsi ta buɗe adakarta tana riƙe da ɗan hoton nan, tana matso da shi tana nesanta shi.

"Malam," ta ce, don haka take kirana tun da na fara koyarwa, "wanga abu ya ƙi ni. Kanshi ne ɗai anka tsinke anka aje. Da dai in ga ubanku tsaye sau guda kahin a ja ƙofa."

Ta faɗa kamar mai magana da kanta, ta mai da hoton cikin ƙyallensa. Amma Inna ba ta iya roƙo ba. A tsawon rayuwata ban taɓa jin ta nemi wani abu daga gare ni da ya kai wannan fitowa fili ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona ta Bakura, wanda na girma da shekara biyu. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Ya fara da zanen ɗawisu da zakuna a jikin manyan motoci, ya koma rubuta allunan shaguna, ya koma ɗaukar hoto, daga ƙarshe ya buɗe shago a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, da kwamfuta biyu da farantan hasken rana a kan rufi. Galibin aikinsa hotunan 'yan takara ne da katin biki. Na taɓa ganin ya ɗauki fuskar wani mai shayi ya ɗora a jikin jarumi mai sulke, mai shayin ya liƙa a rumfarsa yana alfahari, ni kuwa na ɗauki abin wasan banza. Da wannan rainin na shiga shagonsa.

"A'a, yau bawa ya tuna da ubangidansa? Shigo, Farfesa, kar rana ta narka boko."

"Aiki na kawo maka, in ka iya."

"In na iya? Wa ya zana maka taswirar da ka ci jarrabawa da ita a aji shida?"

Na buɗe ambulan na miƙa masa. Da ya ga abin da ke ciki sai ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya ce, "Kawu." Na gaya masa maganar likita da maganar Inna. Ya ce in dawo gobe bayan an tashi makaranta.

Kwana uku a jere na zauna a benci bayansa, kuma ban taɓa kallon wani aikin hannu da irin wannan natsuwa ba. Da farko ya sa hoton a injin kwafa, ya buɗe shi a allon kwamfuta, ya yi ta faɗaɗa shi har idon Baba guda ya cika gilashin, ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo kamar gero a tabarma. A cikin wannan geron ya shiga yana tsince tsatsa da tawadar hatimi, yana ɗebo ɗigo daga kuncin dama yana cike gurbin da aka ci a na hagu. Daga nan ya ajiye fuskar gefe, ya kira wani abu da ya sa na ja da baya a kan bencin. Siffar mutum ce cikakkiya, launin yumɓu, ba gashi, ba tufa, ba fuska, ta ware hannuwa tana tsaye a kan babu, raga ta siraran layuka ta lulluɓe ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ya motsa linzamin kwamfutar, siffar ta juya a hankali ta nuna mana ƙeya, ta zagayo ta dawo.

Na ce, "Wannan wane ne?"

"Ba kowa ba ne tukuna. Jira yake a gaya mishi."

Ya jawo fuskar Baba ya shimfiɗa a kan wannan kai, yadda majemi ke shimfiɗa fata, ya riƙa kafa mata turaku: ɗaya a kowace kusurwar ido, biyu a gefen hanci, biyu a bakin leɓe, ɗaya a haɓa. Duk inda ya kafa, yumɓun da ke ƙasa sai ya kumbura ko ya lotsa don ya dace. Hancin da yake shafe a takarda ya taso, gurbin ido ya zurfafa. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gaɓar, inda hoto ya ƙare yumɓu ya fara, a ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kunne. Ya ce a nan ake kama wanda bai iya ba, sai ka ga kai kamar an kifa ƙwarya a kan turmi. Da yake hoton ba shi da launi, ya sa na naɗe hannun riga ya ɗauki hoton damtsena, ya ce fatar gidanmu ɗaya ce. Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba a hoton da na sani shekara arba'in: hasken ya faɗo ne daga gefe, ƙasa-ƙasa, wato da sassafe aka ɗauka. Dole ya kafa wa siffar tata rana a daidai wannan wuri, in ba haka ba inuwar hanci za ta yi gabas, ta wuya ta yi yamma.

A rana ta uku ya juyo ya ce, "To, Farfesa, saura jiki. Wane iri kake so?" Ya buɗe jerin jikuna da jerin tufafi. Na zaɓi dogon jiki mai miƙaƙƙen baya. Na zaɓi babbar riga ta shadda fara mai aiki har ciki, da hula mai tsada, da takalmi sau-ciki, da carbi a hannun dama. Hannuwan sumul suke, farata a yanke.

"Kawu ne wannan ko ɗan majalisa?" in ji shi.

"Girmamawa ce. Ba ka san ta ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ku 'yan boko ai ko kabari kunka samu dama sai kun yi mishi fenti."

Na yi dariya, shi ma ya yi, ya bi umarnina. Ya ce sai an bar injin ya dafa hoton, kuma dahuwar ta ci daga azahar har bayan la'asar. Allon ya yi baƙi, sai ƙananan murabba'ai suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya daga sama. Hula ta fito, goshi ya biyo. Da layin idanu ya cika, sai na tsinci kaina a tsaye, ban san lokacin da na tashi ba, irin tashin da nake yi in Baba ya shigo ɗaki. Akwai laima a idon, akwai ɗan jan nan na gefen ƙwayar da na manta da shi. Shekara ashirin ban ga mutumin nan ba, ga shi yana dubana daga cikin akwatin da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa. Na ce subhanallahi ya fi sau goma.

A cikin mamakin nan akwai tsoro, kuma ban ɓoye shi ba. Na je wurin wani malami abokina na tambaye shi hukuncin abin da muke yi. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoto, ya faɗa mini abin da kowane ɓangare ya dogara da shi, ya ba ni shawarar kada a rataye shi a bango ana girmamawa, a buɗe shi don buƙata a naɗe. Na bi shawararsa. Ba zan ce zuciyata ta gama kwanciya a kan wannan batu ba, har yau.

Taubashina ya buga hoton a ledar nan mai kauri da ake buga 'yan takara, tsawon mutum sosai, muka kai gida da hantsi muka rataye a igiyar shanya inda haske ya fi kyau. Na riƙo hannun Inna na tsayar da ita taku uku daga gabansa. Ta ɗaga kai tana neman abin da idonta, ta same shi. Nan take ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai, ta ɗan rusuna. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, mai jikoki fiye da ashirin, ta koma amarya a gabanmu. Taubashina ya taɓa ni da gwiwar hannu, ni ma na ɗauka mun ci nasara.

Idonta ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan takalman. Ta daɗe a nan. Ta matsa taku ɗaya ta duba hannun da ke riƙe da carbi.

"Wanga baƙo wane ne?"

"Inna, Baba ne. Dubi fuskar."

"Ba ni dubawa, shina kallona." Ta nuna ƙasa da sandarta. "Waɗanga ƙafafu ba su taɓa taka karar shanu ba. Wanga hannu bai taɓa riƙa wuƙa ba. Ɗan wa kunka yanke wa kai?"

Taubashina ya ce, "Inna, bawan nan naki ne ya zaɓo."

Ta zauna a bakin turmi ta yi mana bayanin da ban taɓa tunanin zan buƙata ba. Ta ce shekara talatin da wani abu suka zauna, kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta ƙura masa ba. Ta san kamanninsa mana, kallo na sata da na wucewa ba ya ƙirguwa, amma a tarbiyyar da aka yi musu mace ba ta tsayawa ta zuba wa mijinta ido, balle shi yana kallonta. "Abin da na sani, ƙafa, in na kai buta. Hannu, in na aje akushi. Sai baya, in za shi kasuwa ina tsaye bakin ɗaki." Hoton katin shaida kuwa dole mutum ya dubi gaba sak, don haka mun kawo mata idon da ba za ta iya haɗawa da nata ba, a kan jikin da ba ta taɓa gani ba. Kwana uku muka yi muna gyara sashen da ba za ta kalla ba, sashen da take nema kuma na zaɓe shi cikin minti biyar.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa na zaɓi wannan riga. Na ce girmamawa ce, kuma akwai girmamawa a ciki. Amma ina tuna cewa a jami'a, duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, cewa nake yana harkar dabbobi. Ban yi ƙarya ba, na dai zaɓi kalmomin da za su sa mai ji ya hango garke da makiyaya maimakon rumfa da ƙuda. Na yi zaton na bar wannan halin a ƙuruciya. Ashe yana nan, ya jira shekara ashirin da biyar har ya samu injin da zai yi masa aiki.

Muka sake sabon lale. Taubashina ya ce jiki ba ya cikin jerin da ke kwamfuta, sai mun je mun tattaro shi a wurin waɗanda suka san shi. Inna ta ba mu ƙafa: babban yatsan hagu a karkace, farcensa a tsage tun da bijimi ya taka shi a kara, wato kasuwar shanu, faso a dugadugai, takalmin taya da ya fi lotsawa ta waje. Ta faɗi wannan duka idonta a rufe. Taubashina ya ce za mu juya kan Baba gefe don ya daina kallonta, amma hoton bai nuna gefen fuska ba, sai mun nemo kunne da muƙamuƙi.

Don haka muka tafi Bakura wurin gwaggo, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Muka same ta tana gyaran shinkafar rani a tsakar gida. Da ɗanta ya ce kunnenta yake so ya ɗauka, sai ta kama mayafi ta ce, "Mi za ka yi da kunnena, ɗan nema? Wanda bai ji magana ba shi ne ka zo ɗaukar kunnen wani?" Da ta ji dalili sai ta ture ɗankwali ta juya masa gefe, ta ce kunnen gidansu ɗaya ne, manne da kai kamar na ubansu. Ita ce ta tuna mana da tsaga uku gajeru a gefen idon dama, waɗanda wanzami ya yi masa yana yaro saboda ciwon ido. Ni ɗansa na manta da su sarai. Ta kuma ce ɗan wuya gare shi gajere, kuma bai kai ni tsawo ba, in cire tafin hannu guda.

Hannu da kafaɗa sai a Maradun, inda abokin sana'ar Baba na tun ƙuruciya yake, wanda suka yi shekaru suna bin kasuwanni tare suna sayen shanu. Hanyar a 'yan shekarun nan ba a binta sai da rana tsaka da addu'a a baki, haka muka bi ta. Muka same shi a rumfar nama yana zaune a kan buzu, ya haura tamanin, 'ya'yansa ke yanka shi yana sa ido. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Mafara, ya tambayi ruwa da zafi da hanya, ya sake komawa kan gida, sannan ya riƙe hannuna ya shafa tafin da babban yatsansa.

"Hannun alli," ya ce. "Kai ne wanda ka gudu in anka kada sa?"

"Ni ne, Baba."

"To mi ya kawo ka cikin ƙuda?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai ga abin da ba a gani ba sai yau. Amma ya miƙe da ƙyar ya nuna mana tsayuwar abokinsa: nauyi a kan ƙafar hagu, kafaɗar dama a sauke saboda ɗaukar cinyar sa tun yana ɗan shekara goma sha biyu, kai a ɗan karkace kamar mai auna dabba da ido. Ya ce manunin hannun hagu guntu ne, wuƙa ta ɗauke gaɓa ɗaya a wani jajiberin Salla. Wannan na sani, amma ban faɗa wa taubashina ba ranar da nake zaɓen hannuwa. Dattijon ya yarda aka ɗauki hoton nasa hannuwan ciki da baya, da jijiyoyinsu da tabbansu, yana cewa, "Ashe hannuna za shi shiga inji kahin ni in shiga ƙasa."

Da za mu tashi ya ce, kamar abin da ya faɗo masa, duk ranar da abokinsa zai kai mini ziyara makarantar kwana sai ya wanke hannu da toka da lemon tsami har fata ta yi fari, kuma in ya dawo yakan ce a bakin ƙofa ya tsaya, bai shiga ba, don kada yara su ji ƙarni su sa wa yaro suna. Na tuna tsayuwar nan a bakin ƙofa. Na tuna kuma cewa ban taɓa ce masa ya shigo ba. Har muka kai Mafara taubashina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a tafiyarmu.

Aiki na biyu ya ci mako biyu, kuma a cikinsa ne na ga abin da ya fi girgiza ni. Taubashina ya cire fuskar gaba ɗaya ya ajiye, ya koma kan yumɓun tsura. Ya nuna mini cewa a cikin siffar akwai ƙasusuwa, kowace gaɓa da ɗigonta, in ka ja ɗigon sai nama ya bi. Ya rage tsawo, ya tsuke wuya, ya karkata yatsan ƙafa, ya datse manuni. Ya mai da nauyi kan ƙafar hagu, ƙugu ya gyara zama da kansa. Sannan ya kama ɗigon kafaɗar dama ya fara jan shi ƙasa kaɗan-kaɗan, yana cewa in tsayar da shi in ya kai. Ya ja, ban ce komai ba. Ya ƙara, ban ce komai ba. Ya ƙara kamar faɗin ƙwayar masara, sai ga Baba. Siffa ce launin toka, ba ido ba baki, ba ko tufa, ta ba mu baya, amma da a cikin taron kasuwar Talata na hango ta da na bi ta a guje. Kafin in tsayar da shi, shi ma ya riga ya ɗauke hannu daga linzamin da kansa. Muka zauna muna kallo har ladan ya kira la'asar. Na yi ta tunanin cewa a cikin dubban tsayuwar da ɗan Adam zai iya yi, Allah ya ware wa kowane bawa tasa, har ta zauna a ƙwaƙwalwar ɗansa ba tare da ɗan ya sani ba, har injin da bai san kowa ba ya iya faɗawa a kanta in an ja ɗigo daidai.

Ya sa masa 'yar shara da wando a naɗe zuwa ƙwauri, da tsohuwar hula da ta bi siffar kai. Ya shimfiɗa fatar hannun dattijon Maradun a kan hannuwan, ya dasa kunnen gwaggo, ya ja tsaga uku, ya mai da fuskar hoton wurinta ya narkar da gaɓar har ba ka iya cewa ga inda takarda ta ƙare. Sai ya ce, "Jini fa? A sa a riga?" Na ji tsohon halina ya motsa, don haka na ƙi yanke hukunci, na kai wa Inna tambayar. Ta ce, "Da jini shika dawowa. Bai taɓa fita gidan ga da ɗigo ba, ni ka wanki." Wannan ya raba mana gardama: hoton fita zai zama. Taubashina ya je gidanmu da sassafe ya ɗauki hoton ƙofar zaure daga bakin ɗakin Inna, ya tsayar da Baba a nan, ya ba da rabin baya, wuƙaƙe a naɗe cikin fata a hammata, ya juyo da kai gefe yana duban wani abu can wajen rijiya.

Muka rataye shi a igiyar nan dai. Inna ta fara daga ƙasa. Da yake kafar ganinta ta ƙara tsukewa a makonnin nan, sai ta riƙa motsa kai gaba ɗaya, a hankali, kamar mai bin layin rubutu a allo. Ta tsaya a kan yatsan ta ce, "Uhm." Ta hau ƙwauri, ta kai hannun hagu, ta miƙa nata ta taɓa guntun manunin a jikin leda. Ta kai kafaɗa, ta tsaya nan tsawon lokaci, ina jin numfashinta. Hannunta ya tafi ga mayafi ya kama bakinsa, amma bai ja ba. Ta ɗaga kai sauran tazarar.

Ban san tsawon lokacin da ta yi ba. Ba tare da ta juyo ba ta ce a kawo mata kujera, na kawo, ta zauna, ta ce, "Ku ba ni wuri." Muka fita zaure ni da taubashina muka zauna a kan dakali, manyan mutane biyu masu furfura, ba wanda ya dubi wani. Da ta kira mu rana ta kusa kaiwa tsaka. Idonta a bushe yake. Ta ce, cikin muryar mai ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, "Ashe girarshi haɗe take. Ashe dai kyakkyawa ne."

Daga ranar, kullum da safe nakan biya kafin in wuce makaranta in buɗe mata shi, in na dawo in naɗe. Haka muka yi damina guda da rani guda. Ta riƙa matso da kujerar, daga taku uku zuwa biyu, zuwa inda hancinta ke kusan taɓa ledar. Wata safiya na zo na fara kwance igiyar naɗin, ta ji motsin ta ce in bari.

"Ƙofa ta rufe, Malam. Tun shekaranjiya."

Na tsaya da ledar a hannu.

"Aje shi, na haddace," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka gaya wa ubangidan nan naka tsawon da ya yi mishi ya zarce da yatsa guda. Ban faɗi ba don kar ya sake wahala."